Shekarar da Baba Ya Shiga Ƙungiyar Masu Ƙulli

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ni na ɗauki bidiyon, ni na sa shi a waya, ni kuma na amsa wa Baturen da ya fara tambaya. Baba yana zaman zamansa.

Sana'ar Baba igiya ce. Yana tufka ta kaba da ta rama yana sayarwa, amma abin da aka fi saninsa da shi tsakanin Isa da Sabon Birni shi ne ɗaurin kaya. Tun zamanin raƙuma da jakuna fatake ke nemansa, da babura suka zo suka gaji jakuna sai suka gaje shi shi ma. Ranar kasuwar Bafarawa sai ka ga mutum ya jibga buhun gero huɗu a kan babur, ya ɗora akuya a sama, ya tsaya yana jiran Baba kamar mai jiran likita. Akwai wani ɗauri nasa da ba wanda ya iya. Duk ramin da babur ya faɗa ƙara tamkewa yake yi, amma in an iso shingen duwan, wato 'yan kwastan, aka ce a sauke kaya, bakin igiya ɗaya za a ja komai ya saki. Na taso ina ganin wannan ɗauri kullum, ban taɓa ɗaukarsa abin kallo ba.

Ban da igiya, abu ɗaya Baba yake ji da shi a duniya, maƙwabcinmu da muke kira Baba Mai Kanwa. Kanwa da gishirin manda yake kawowa daga Nijar, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Fiye da shekara arba'in suna ciyayya. Da an sallame magariba za a shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, darbejiyar nan ta ƙofar gida, gidanmu ya fitar da kwano, gidansu ya fitar da kwano, su haɗa su ci. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Mai Kanwa ya ce Baba lomarsa irin ta lodin mota ce. Baba ya ce kanwar da ta yi kwantai a kasuwa ita ake juyewa a miyar gidan maƙwabci. Haka za su yi ta yi har a kira isha'i, gobe kuma su ɗora daga inda suka tsaya.

Ni aure ya kai ni Isa, ina koyarwa a wata firamare, ina zuwa gida ƙarshen mako in hanya ta yi lafiya. Wata Asabar na iske Baba yana ɗaure wa wani ɗan kasuwa kaya, na ɗauka da waya don nishaɗi, na sa. Bayan mako biyu sai ga saƙo daga wani tsoho a wata ƙasa mai sanyi, wanda ya ce ya ƙare rayuwarsa yana aikin jirgin ruwa. Ya ce shi ɗan wata ƙungiya ce mai mutane a ƙasashe da yawa, masu ƙulla igiya don sha'awa. Suna da mujalla, suna da taro, suna da wani ƙaton littafi da suka tara ƙulle-ƙullen duniya, kuma ya duba har idonsa ya yi ruwa bai ga na Baba a ciki ba. Yana roƙon a gaya masa sunan ƙullin.

Na kai wa Baba labari suna kan tabarma.

"Mi su ka ɗamrewa?" in ji Baba.

"Ba komi, Baba. Ƙullin kawai su ka so."

"Ba jaki, ba kaya?"

"Babu."

"To in sunka ƙulla su kai shi ina?"

"Su aje, su duba, su nuna ma junansu."

Baba ya daɗe yana kallon kwano, sannan ya ce, "Allah shi ba su lahiya."

Na ce ai sunan ƙullin ake tambaya. Ya ce in gaya wa mutumin ba a yanka masa rago ba. Mai Kanwa ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa ya ce, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mai Igiya, ashe kana da dangi Turai, mahaukata irinka."

Da na tsaya a nan da ba a yi komai ba. Amma ni ce, ba a yabon ubana in yi shiru. Na rubuta amsa mai tsawo, na cika fom, na sa adireshin makarantarmu. Bayan wata biyu kwali ya iso ta Sakkwato, kuma kafin ya iso tashar Isa gefensa ya yage. Direba da fasinjoji suka taimaka masa ya ƙarasa yagewa. A ciki akwai takardar shaida mai hatimi, da mujallu uku, da igiyoyin leda ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wani fasinja mai ɗan Turanci ya karanta wa sauran abin da ke jikin takardar. Ni babur na hau zuwa gida, amma labari ya riga ni isa: Mai Igiya ya shiga ƙungiyar masu ƙulli ta duniya, har an ba shi takarda.

Wanda bai taso a wurinmu ba sai an yi masa bayani. Mu a wurinmu igiya ba ta ƙulluwa banza. In ka fito da safe ka ga ƙullallen zare a bakin ƙofa, ba ka tsallake shi, malam ake kira. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san ana neman tsari daga masu tofi a ƙulli. Ƙullin da ke riƙe da akuya kowa ya gane shi. Wanda ba ya riƙe da komai a fili, to yana riƙe da wani a ɓoye, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni da na yi makaranta har na manta da wannan, kuma mantuwar ce babban laifina.

Baba kuwa mujallun nan suka shiga ransa. Ba ya karatun boko, amma yatsunsa sun karance su tas. Zai ƙura wa hoto ido ya ce wannan masunci ne ya yi shi, wannan kuma malalaci ne, wannan mai tsoron faɗuwa ne. Sai ya ɗauki igiyar leda ya kwaikwaya. Mutumin da ya ce Allah ya ba su lafiya, cikin wata ɗaya ya fi su ciwon. Ya ga a mujalla ana jera ƙulle-ƙulle a kan katako, sai ya ciro wani tsohon ƙyaure, ya kakkafa nasa da ƙusa, ya jingine a zaure inda duk mai wucewa zai gani. Inna ta ce, "Malam, kayan ga a shigo da su ɗaka." Ya ce abin ado ba a ɓoye shi.

Na farkon zuwa wani ɗan kabu-kabu ne daga Unguwar Lalle. Turo babur ya yi tun daga can, gumi har ƙafa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ce yau kwana uku babur ɗinsa ya ƙi tashi, in akwai abin da ya yi wa Baba a yi haƙuri a sassauta masa. Da farko Baba bai gane ba. Da ya gane, ya miƙe a fusace, ya fizgo wani ƙulli shuɗi daga ƙyauren, ya warware shi a gaban hancin mutumin.

"Duba da kyau. Igiya ta. Leda ta. Mi ag gamin ta da mashin ɗinka?"

Mutumin ya yi godiya, ya fita, ya taka babur sau ɗaya, ya tashi.

Ina tsaye a wurin. Ban taɓa tsanar wani ƙarfe a rayuwata kamar yadda na tsani babur ɗin nan ba. Daga baya bakanike ya gaya mini fulogi ne ya sha ruwa, turawar da aka yi cikin rana ta busar da shi. Amma wa zai saurari bakanike bayan an ga abu da ido.

Daga nan zaure ya koma asibiti. Wata tsohuwa ta zo kazarta ta daina ƙwai. Wani saurayi ya zo, shi da ya je zance sai muryarsa ta maƙale. Wata mata ta taso daga Tozai, mijinta shekara uku yana Nijar, ita ba kwancewa take so ba, so take a ɗaure shi a jawo. Mai neman kansila ya zo da rago, yana so a ƙulle harshen abokin takararsa ranar gangami. Baba ya bi shi da igiyar guga har bakin hanya, shi da ragon. Gari ya ce ai dole, ɗaya ɓangaren ya riga shi zuwa. Wasu suka daina sayen igiyar Baba don tsoro, wasu suka riƙa sayen biyu suna ratayawa a rumbu saboda ɓarayi da ɓeraye. Mai Kanwa kuwa ya samu abin tsiya na shekara. Kullum zai ce a kwance masa gwiwa, ko a ɗaure bakin matarsa, Baba ya ce ai wanda ya fi bukatar ɗauri a gidan yana nan kan tabarma.

Ana haka sai ƙungiya ta ce tana so ta ga Baba a taronta na waya, ido da ido. Garinmu sabis ba ya zama, sai an hau tudun bayan gari a kamo na Nijar. Tudun kuma, don tsautsayi, yana jikin maƙabarta. Ranar Asabar bayan azahar Baba ya sa babbar rigarsa ta Salla, muka hau. Na riƙe waya. Fuskoki bakwai suka fito cikin ƙananan akwatuna, duk tsofaffi, kowa da igiya a hannu.

Baba ya ƙi a fara sai ya gaisa. Ya tambayi kowannensu gajiya da iyali da sanyi, ina fassarawa. Wata tsohuwa ta ce ita kaɗai take zaune, sai kyanwarta. Baba ya yi mata ta'aziyya sosai, ya ce Allah shi ji ƙan waɗanda suka rigaya. Wani mai gilashi ya tambayi nauyin da igiyar kaba take ɗauka kafin ta tsinke, yana riƙe da biro. Baba ya ce, "Ce mai wani bajimin sa na Tozai ya gwada sau guda, bai koma ba." Mutumin ya rubuta.

Sai aka zo kan ɗaurin. Ba mu zo da buhu ba, don haka Baba ya ɗaure iska. Ya ɗaga igiya sama, ya zagaya, ya soka, ya ja, su bakwai suna bin sa a lokaci ɗaya kamar masu bin liman. Suka ce ya sake a hankali. Ya sake. Suka ce ya ƙara. Tsohon jirgin ruwan ne ya fara samu, ya ja bakin igiya ta saki, ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya, sauran suna tafi. Na kalli Baba. Shekara saba'in yana wannan aiki, mutane suna karɓar kayansu su wuce, ba wanda ya taɓa ce masa ya sake a hankali don a gani. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na ranar ba, ni ma na ji daɗi har cikin raina. Sai da muka juyo na ga manoma sun tsaya a gindin tudu da fartanyoyi a kafaɗa. Abin da suka gani shi ne Mai Igiya sanye da babbar riga, a gefen maƙabarta, yana ƙulla iska yana magana da Turawa.

Kwana tara bayan haka Baba Mai Kanwa ya faɗi wurin alwala. Aka kai shi Sakkwato. Likita ya ce hawan jini ne, an daɗe ana ce masa ya rage gishiri, shi kuma yana cewa mai manda ba ya zagin manda. Bayan mako uku aka dawo da shi. Yana tafiya da ɗan jan ƙafa, magana ta dawo, hannun dama yana ɗagawa, amma yatsun sun lanƙwashe, ba sa buɗewa sosai kuma ba sa riƙe komai.

Ranar da ya dawo Baba ya shiga cikin 'yan dubiya, suka gaisa cikin jama'a. Washegari da magariba ya shimfiɗa tabarma. Kwanonmu ya fito, nasu bai fito ba. Baba ya aika, aka ce yana barci. Ya shiga da kansa da safe, aka ce yanzu ya sha magani ya kwanta. Haka aka yi ta yi. Kullum Baba zai shimfiɗa tabarma, ya buɗe kwano, ya kalli ƙofar maƙwabci, ya rufe kwano. Inna ta yi lallashi ta yi faɗa, ya ce shi bai iya cin abinci ba gardama. Cikin mako uku sai da ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli.

Gari kuma ya riga ya gama lissafi. A makon da Mai Kanwa ya faɗi, a makon ne Baba ya kafa wani sabon ƙulli a ƙyaure, dunƙulalle kamar ƙwallon goruba, mai kama da hannun da aka dunƙule. Aka ce ga hannun nan a zaure kowa yana gani. Aka ce Mai Kanwa ya gane, shi ya sa ya rufe ƙofarsa. Masu cewa haka su ne dai waɗanda suka zo neman a kwance musu kaji. Na yi faɗa da mata uku a bakin rijiya, na kusa marin ɗaya. Amma a raina ni ma na yarda cewa Mai Kanwa ya ɗauki zancen, don ban ga wani dalili ba.

Wata Juma'a da safe na iske Baba a zaure yana kallon ƙyauren. Bai juyo ba ya ce, "Gari su hwaɗi abin da su ka so, ban damu ba. Amma in shi ma ya yarda, to mi ar rage man?"

Na tsani wayata, na tsani tsohon jirgin ruwan da ladabinsa, na tsani kaina.

Limaminmu mutum ne mai hankali. Ya ce wa Baba shi ya san igiya ce kawai, amma mutane ba sa warkewa daga abin da ido ya gani sai da wani abin da ido zai gani. Ya ce a kawo ƙyauren a warware komai a bainar jama'a. Ranar bayan an sauko daga Juma'a Baba ya ɗauko shi a ka, ya ajiye a ƙofar masallaci. Na tsaya daga nesa cikin mata.

Na zaci mutane za su ji kunya. Ina. Kowa ya matso yana neman nasa. Tsohuwar kaza ta nuna wani ɗan ƙarami ruwan ɗorawa ta ce tun ranar farko ta gane shi. Mutum biyu suka kama cacar baki a kan wani ja, ɗaya na cewa ciwon bayansa ne, ɗaya na cewa gonarsa ce da ta ƙi wake. Sai da liman ya raba su, ya ce in an kwance kowa ya ɗauki rabonsa. Baba dai ya duƙufa kan aikinsa. Yana cirewa, yana warwarewa, yana miƙar da igiya a kan gwiwa, yana ajiyewa. Wani ya ce a bayana shi ya ji wuyansa ya saki.

Dunƙulallen ya bari ƙarshe. Kwana huɗu ya yi yana koyonsa, kuma ya tamke shi da kyau, leda ta ciji leda. Ya sa farce ya ƙi, ya sa haƙori ya ƙi, sai da aka kawo basilla. Wurin ya yi tsit, ni kuma hawaye na zuba, na baƙin ciki da haushi. Da ya warware, jama'a suka ɗunguma zuwa ƙofar Mai Kanwa suka tsaya suna jiran ya fito yana murza yatsu. Bai fito ba. Wani ya ce a ba shi kwana uku, tunda abin daga Turai yake sai saƙo ya je ya dawo.

Baba ma, da ya san ƙarya ce, ya jira kwana ukun. Ya shimfiɗa tabarma sau uku, ya naɗe sau uku.

Rana ta huɗu ban koma makaranta ba. Da azahar na ja mayafi na shiga gidan Mai Kanwa. Gidan da na yi rarrafe ne, ba wanda zai nuna mini hanya. Matarsa, da muke kira Gwaggo, ta tare ni a tsakar gida ta ce yana barci. Na ce to yau zan ga irin barcin, na yi sallama a bakin ɗaki, ban jira amsa ba na ɗaga labule.

Yana zaune a ƙasa, ya juya wa ƙofa baya, kwano a gabansa. Da ya ji ni ya yi sauri ya tura hannun hagu ƙarƙashin riga. Gaban rigar duk miyar kuka ce. Ban tsaya lura ba, don na zo da magana a bakina tun daga gida.

"Baba, shekara arba'in kuna ci kwano guda. Yanzu zancen 'yan tasha ya isa ka ruhe mai ƙohwa? Ya kwance komi gaban masallaci kamar ɓarawo, ya bar cin abinci, kai kau ko leƙowa. Ka yarda shi yaɗ ɗamre ka?"

Ya kalle ni kamar na yi masa Faransanci.

"Ubanki? Mutumin da ko kwanan wata bai riƙewa shi za shi riƙe hannuna? Hawan jini na, ɗiyata. Manda tac ci ni, ni da nis san ta."

"To mi ah hana ka hita?"

Can ya fito da hannun hagun a hankali, ya ɗaga mini shi, da tuwo a yatsu.

"Da wanga ni ka ci yanzu. Hannun da ni ka tsarki da shi. In sa shi kwano guda da ubanki, bakin hanya, kowa na wucewa?"

"Baba ai ba ya cewa komi."

"Shi a abin da ni ka gudu. Shekara arba'in bai taɓa ƙyale ni ba. Za ni zamna gabanai ina zubda miya ga riga, shi kau da kai shi yi kamar bai gani ba. Ranad da mutumin ga yaƙ ƙyale ni, to na mutu, saura a kai ni."

Duk faɗan da na zo da shi ya zube. Na durƙusa na ba shi haƙuri, kunya ta rufe ni. Ya ce kada in gaya wa Baba. Na ce to. Na fita, na shiga gidanmu, ban ko cire takalmi ba na gaya wa Baba duka.

Baba ya ce, "Hannun na tashi har baki?"

"Shina tashi. Riƙo na babu."

Ya miƙe ya shiga rumfar da yake ajiye rama. Ya zaɓi mafi laushi, ya daddaka, ya zauna yana murza ta a cinya har ta zama siririya kamar zaren saƙa. Ya aika ni wurin Inna in karɓo koshiya, cokalin katakon nan mai faɗin baki, ya ce guda biyu. Tun daga la'asar yana ɗaura ɗaya a hannunsa, ya saki yatsu, ya kai baki, ya kwance, ya sake. In ta juya ya ja tsaki. In ta matse jijiya ya ja tsaki. Igiyoyin leda suna tare a gefe, ko kallonsu bai yi ba.

Da aka sallame magariba ya shimfiɗa tabarma, ya ce in fito da kwano da ruwan wanke hannu. Sannan ya shige gidan maƙwabci. Ina tsaye a bakin zaure na ji murya ta tashi ta kan katanga. Ɗaya na cewa ba ya zuwa, ɗaya na cewa shi ya saba ɗaure abin da ya fi shi taurin kai ya kai kasuwa. Ɗaya na cewa ɗiyar wasu bakinta rariya ne, ɗaya na cewa gado ta yi wajen maƙwabta. Can sai ga su, Baba a gaba, Mai Kanwa yana jan ƙafa a baya, Gwaggo ta miƙo kwano ta bakin ƙofa.

Suka zauna. Baba ya kama hannun daman abokinsa, ya wanke shi, ya kwantar da koshiya tsakanin lanƙwasassun yatsun, ya zagaya rama ta bayan hannu da wuyan hannu, ya ja. Ta zauna daram. Masu dawowa daga masallaci suka fara rage tafiya. Wasu suka tsaya sak. Mai Kanwa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, hannun na kan gwiwarsa, ya ƙi ɗagawa.

Baba ya kalli masu kallo, ya kalli abokinsa. Sai ya kira ni, ya miƙo mini nasa hannun dama da koshiya ta biyu.

"Ɗamra man."

"Baba, hannunka lahiya lau."

"Na tambaye ki?"

Na durƙusa na ɗaura yadda na ga ya yi. Ya duba ya ce wannan ɗauri ko kaza ba ya riƙewa, ɗiyar mai igiya guda, abin kunya. Na kwance na sake. Ya ce da dama-dama. Ya yi bisimilla, ya saki yatsunsa, ya yanko tuwo da koshiya ya kai baki. Yanzu abin da masu wucewa ke gani tsofaffi biyu ne da cokula ɗaure a hannu, kuma ba wanda zai iya cewa wane ne marar lafiyar.

Mai Kanwa ya ɗaga hannu a hankali. Ya yanko, ya tsoma a miya, ya taho da shi yana rawa. Saura kaɗan ya isa, lomar ta sulale ta faɗa kan rigarsa.

Baba ya kalli lomar, ya kalli mai rigar, bai kau da kai ba.

"Bakin na nan bisa inda kab bar shi. Ko rigar ka ka ciyarwa? Ita ma ta rame?"

Kafaɗun Mai Kanwa suka fara girgiza. Ya sa gefen hannu ya share ido, ya sake yankowa, wannan karon ta shiga. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce miyar gidanmu ba gishiri, mutum ya tashi daga ciwo a ba shi ruwan wanki. Baba ya ce gishirin ne ai ya kawo mu nan, in yana son ƙari ya bari ɗaya hannun ya shirya.

Na bar su a haka, na koma cikin gida na ce wa Inna ta ƙaro tuwo.